Wasiƙa Ga Mamana Kafin Ta Fara Digirin Digirgir

Assalamu alaikum.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Takardar da kika turo ta iso. Na karanta ta sau uku, na kuma sa ƙaninki ya sake karanta mini wurin da aka ce an ba ki gurbin digirin digirgir a fannin lafiyar dabbobi. Alhamdu lillahi. Mahaifiyarki hawaye ta yi ta yi, ni kuwa barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauki biro, don a waya ba na iya tsara magana yadda nake so.

Ke likita ce tun ranar da kika gama karatunki na farko. Kin iya duba saniya, kin iya fiɗa, kin san magani. Abin da za ki shiga yanzu wani aiki ne daban. Shekara uku ko huɗu za ki yi kina bin tambaya guda ɗaya wadda babu wanda ya san amsarta, har malamin da zai duba aikinki. Don haka a wurina zaɓen tambayar ya fi zaɓen jami'ar nauyi. Bari in gaya miki dalili, ko da kin taɓa jin rabin labarin.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina cikin masu yi wa shanu allurar rigakafi, bushiya, annobar nan ta shanu, ta dawo a farkon shekarun 1980. Kafin nan ƙasashen Afirka da yawa sun haɗu sun yi mata taron dangi daga 1962 zuwa 1976. Da aka ga ta lafa sai aka saki jiki, aka daina bin maruƙan da ake haifa da allura, ita kuwa ashe laɓewa ta yi. Ba ki taɓa ganin bushiya ba, kuma in Allah ya yarda ba za ki gan ta ba. Idon saniya ya cika da kwantsa, miyau na dalala, baki duk gyambo, sai zawo mai warin da ke bin mutum har cikin rigarsa. Na ga dattijo zaune a gefen garkensa da sanda a kan cinya, ya kasa ko amsa sallama.

Allurar da muke ɗauke da ita ba ta da laifi. Walter Plowright ne ya haɗa ta, wani likitan dabbobi ɗan Ingila da ya yi aiki a Kenya, kuma sau ɗaya ake yi wa saniya ta kare ta har ƙarshen rayuwarta. Rauninta ɗaya ne, ba ta jure zafi. Wata rana motarmu ta lalace a daji, muka kwana, ƙanƙarar da ke cikin akwatin allura ta narke ƙarƙaf. Na taɓa kwalaben na ji su da ɗumi. Shugaban tawagarmu ya ce a ci gaba, ni kuma yaro ne, na yi shiru. Muka yi wa garke guda allura, muka huda wa kowace saniya kunne alamar an yi mata, muka rubuta a littafi. Mai shanun ya raka mu yana sa mana albarka. Bayan 'yan makonni labari ya zo cewa cutar ta shiga garken. Har yau idan na tuna ƙirjina nauyi yake yi.

Wajen 1990 wani mai bincike, Jeffrey Mariner, a Jami'ar Tufts ta Amurka, ya zauna a kan wannan matsala tamu. Allurar Plowright ɗin nan dai ya ɗauka, ya gyara yadda ake busar da ita har ta iya yin kusan wata guda ba ƙanƙara. Daga nan aka koya wa makiyaya da kansu yin allurar a wuraren da mota ba ta shiga, kamar kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, aka kuma riƙa zama da su ana tambayarsu inda cutar take ɓuya, domin sun fi kowa sanin garkensu. A 2001 aka ga ta ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya. A 2011 aka shelanta cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu bayan agana.

Mamana, irin wannan tambayar nake so ki nema, wadda ta taso daga akwatin da ƙanƙararsa ta narke. Suna nan da yawa. Ga annobar awaki da tumaki da kuke kira PPR, 'yar'uwar bushiya ce, an sa 2030 a matsayin lokacin kawar da ita, aiki kuwa bai ƙare ba. Ga haukan kare, wanda aka ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara alhali allurarsa tana nan. Ga sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, ga ɓoru mai kama baki da kofato, ga bakkale mai sa shanu ɓari. Za a nuna miki injina masu tsada da tambayoyin da ake yayi. Kafin ki amince da kowace, ki tambayi kanki dabbar wane ne za ta rayu idan kin samo amsar.

Kada ki ɗauka ina tsoron fitarki waje. Wannan fanni tun asali na duniya ne. A 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Burazil suka yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, suka bar bushiya a Beljiyam. Wannan ne ya sa ƙasashe 28 suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris a 1924. Ko a 2024 murar tsuntsaye ta ɓulla a jikin shanun tatsa a Amurka, masana suka shiga ruɗu. Kowa ɗalibi ne a gaban cuta. Ki je ki koyi karanta ƙwayoyin halittar cuta, ki dage da lissafin ƙididdiga ko da ba kya son sa, domin a nan ake kayar da masu bincike da yawa ranar kare kundi. In kin samu sarari ki koyi Faransanci, zai buɗe miki ƙofar abokan aiki a rabin nahiyarmu.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada a mai da ke 'yar aike. Akwai aikin haɗin gwiwar da za ki sha rana ki ɗebo jini, wasu su yi nazari, su rubuta, sunanki ya zo a layin godiya. Tun kafin kwalba ɗaya ta tsallake iyaka, a rubuta a takarda wane ne mai samfurin, me za a yi da shi, sunan wa zai fito a maƙala. Ba rashin kunya ba ne, masu mutunci ma sun fi son haka. Idan sakamako ya fito kuma, ki koma wurin wanda ya riƙe miki ƙahon saniyarsa ki gaya masa abin da aka gano, da harshen da yake ji.

Game da malamin da zai duba aikinki, kada sunansa ya ruɗe ki. Ki nemi ɗalibansa na da, ki ji ko yana karanta abin da aka ba shi, ko yana sauraro.

Sai maganar littafin aiki. Ramin da na huda a kunnen shanun nan shaidar zur ce, duk wanda ya zo bayanmu ya gan shi zai wuce yana cewa an kare su. Haka lambar ƙarya take a kundi. Ranar da gwajinki ya ƙi, ki rubuta ya ƙi. Ranar da firij ya mutu da samfuri a ciki, ki rubuta, ki gaya wa malaminki, ko da wata shida na aikinki zai tafi. Idan babba ya ce a ci gaba kina ganin kwalbar ta yi ɗumi, kada ki yi shirun da na yi. Dabbobin gwaji kuma amana ce a hannunki, kada ki yi amfani da goma inda biyar za su isa, kada ki bar ɗaya cikin ciwon da za ki iya rage mata.

Za ki gaji, musamman a tsakiyar tafiya, lokacin da zumuɗin farko ya wuce ƙarshe kuma bai hango ba. Ki kira mu a irin wannan lokaci, kada ki jira sai kina da labari mai daɗi. Ki riƙe sallarki. Ki yi allurar rigakafin haukan kare kafin ki fara fita daji, ki sa safar hannu duk ranar da za ki taɓa saniyar da ta yi ɓari.

Idan kin tsai da tambayarki, ki rubuto mini ita da Hausa a layi biyu. Ƙaninki zai kawo miki littafin aikina na wancan lokaci kafin ki tashi. Na lanƙwasa shafin ranar da ƙanƙara ta narke.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya.

Babanki