Daga teburin mai shayi: mu ma masu kallon Koriya da Japan a ba mu fili

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ni mai shayi ne a Titin Bauchi, nan Jos, shekara goma sha bakwai ke nan ina kan teburi ɗaya. Jaridarku kan iso hannuna ta wajen wani direba da ke saye duk mako. In ya gama ya bar mini, in na gama kuma, kada ka ji haushi, in naɗe wa mutane biredi da ita, ban da shafin addini. Na lura shafinku na nishaɗi bai wuce Kannywood da Indiya ba, sai ƙwallon Turai. To akwai mu, masu kallon wasannin Koriya ta Kudu da na Japan, kuma ba mata da 'yan makaranta kaɗai ba ne kamar yadda ake yi mana gori a benci. Ga ni nan da furfura a gemu da 'ya'ya biyar.

Dokar hana fita ce ta jefa ni ciki, ta watan Janairun 2010. Ba sai na tuna wa mutanen Jos abin da ya jawo ta ba. Ƙanena ya riga ya sayo faya-fayan wani wasan Koriya mai suna Jumong a kasuwar Taminus, muka taru mu goma sha ɗaya a ɗakin Inna, da ƙaramin janareta da man fetur da muke aunawa da kwalba kamar magani. Turancin da ke ƙasan allon duk a karye yake, ƙanen nawa na karantawa yana juya wa Inna da Hausa, inda bai gane ba ya ƙara nasa. Ita kuwa Inna ba ta jira fassara ba. Tana ganin yadda Yarima Daeso ke hararar Jumong ta ce, "Wannan yaron agola ne a gidan nan, shi ya sa." Haka kuwa abin yake: a fadar Sarki Geumwa ya tashi, amma ba shi ya haife shi ba. Maƙerin nan Mo Pal-mo da ya daɗe yana neman sirrin takobin da ba ya karyewa, ta naɗa shi Sarkin Maƙera, har ta rasu da wannan suna take kiransa. A waje gari ya yi tsit sai motar sojoji, mu kuma muna ciki muna jayayya kan inda masarautar Buyeo za ta samo gishiri. Sai daga baya na san cewa Jumong mutum ne na tarihinsu, shi suke cewa ya kafa daular Goguryeo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Daga nan sai Jang Geum, yarinyar da ta fara daga madafar fada ta ƙare likitar Sarki Jungjong, kashi 54 cif. Wannan uwargidana ce ta fi ni riƙe shi, domin rabinsa girki ne, rabinsa makircin matan fada, kuma duka biyun ta ce ba baƙonta ba ne.

In aka ce in kwatanta na ƙasashen biyu, da abin da na sani zan kwatanta. Wasan Koriya haɗin kauri ne: madara rabin gwangwani, Bournvita cokali uku, sukari har ya kwanta a gindin kofi. Kurɓar farko ka ji ta har ƙwaƙwalwa, amma kofi na biyu sai ya ginshe ka. Na Japan ruwan bunu ne da 'yar citta. Yaro ba ya so, sai wanda ya daɗe yana shan shayi.

Masu yi mana gori suna zaton soyayyar muke bi. Ni dai kwanon abinci ne ya riƙe ni. Akwai wani wasa mai suna Reply 1988, tashar tvN ta fara nuna shi a ƙarshen 2015, kashi 20. Gidaje biyar ne a lungu ɗaya a unguwar Ssangmun-dong ta birnin Seoul, a shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Babu sarki, babu takobi, babu ɗan attajiri. A kashin farko ana nuna magariba ta yi, kowace uwa ta miƙa wa ɗanta kwano ta ce kai gidan wance. Ya kai shinkafa, a juye a zuba masa wani abu ya dawo da shi, a sake tura shi wani gidan, har yaran suka yi karo a tsakiyar lungu kowa da kwano a hannu, suna kallon juna cikin gajiya. Wani mutum da matarsa ta rasu, shi da ɗansa, sun zauna gaban abinci ɗan kaɗan, kafin a jima teburinsu ya cika da girkin maƙwabta.

Edita, a 1988 ina ɗan shekara goma a Nasarawa Gwong, kuma ni ne ɗan aiken kwano a gidanmu. Da azumi tun la'asar sakaliya nake zirga-zirga da kunu da ƙosai. Gidan da ke kallon namu Kiristoci ne. Ranar jajibirin Kirsimeti maigidan kan riƙo kajinsa ya kawo wa Baba ya yanka, don kawai mu iya cin abin da za a kawo mana washegari. Da babbar Sallah kuma cinyar ragonmu ta gidansu ce, ni ke kaiwa, matarsa ta ba ni sule goma ta ce kar in gaya wa Inna. Bayan rikicin Satumbar 2001 suka tashi, daga baya mu ma muka tashi, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. A kashin ƙarshe na wasan gidajen suna kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya, lungun ya zama kango, ƙofofi a buɗe ba kowa. Wajen ƙarfe biyun dare na kalle shi, ba ciniki, sanyin Disamba na ratsa rigar sanyi. Na kife wayar a kan gwangwanin madara na tashi na hau wanke kofunan da na riga na wanke.

A cikinsa kuma akwai Deok-sun, 'yar tsakiya. In ƙwai biyu ya rage a gidan, ɗaya na yayarta ne ɗaya na ƙaninta, ita sai ta ce ai ba ta damu da ƙwai ba. Ni da nake fasa kiret biyu a dare ban taɓa tambayar kaina wa ke cewa haka a gidana ba. Da asuba na koma da biredi da ƙwai uku na miƙa wa ta ukuna ita kaɗai. Ta dube ni ta dubi uwarta, ta ce, "Baba, laifin me na yi?"

Kada a ce na zo tallar Koriya, ga abin da ke ƙona mini rai. Na farko giya. An yi murna a sha, an kori mutum daga aiki a sha, budurwa ta ƙi shi a sha, kullum ga koriyar kwalbar nan ta soju a kan teburi, har na fara zargin daga nan ƙasar ta samo sunanta. Na biyu labarin ɗan attajiri da 'yar talaka, wanda tun Boys Over Flowers na 2009 da ya fito da Lee Min-ho ake ta juya mana shi kamar waina. Uwar yaron ta kira yarinyar ta turo mata ambulan ɗin kuɗi ta ce ta rabu da ɗanta, can kuma a yi haɗari wani ya manta kowa. Shi ma wannan labarin asalinsa na Japan ne, littafin zane ne, kuma su sun riga sun mai da shi wasan talabijin tun 2005. Sai talla: ana tsakiyar kuka a tsaya a nuna maka gwangwanin kofi da sunansa a fili.

Wasanninsu na da suna da kunya, sai a kai kashi na takwas saurayi bai riƙe hannun budurwa ba, ka kalla da surukarka ba ka nemi rimot ba. Na yanzu da ake yi don intanet ba duka ba. Squid Game na 2021, inda aka tara mutum 456 da bashi ya yi wa katutu ana kashe su da sunan wasan yara, a hannun ɗana ɗan shekara goma sha biyu na kama shi. Wayar ta kwana uku a aljihuna. Wani malami da ke shan shayi a wajena ya ce shi sunkuyawar da suke yi wa juna ce ba ta yi masa ba. Na ce Allah gafarta malam, ba addini na je ɗauka ba, amma na ga yaro ba ya miƙa wa babba abu sai da hannu biyu, abin da yaran da ke zuwa sayen biredi a nan suka daina.

Na Japan wuyar samu gare su. Ka je wajen masu tura fim a waya ka ce na Japan, sai su loda maka katun ko faɗan 'yan Sin. Wani ɗan Jami'ar Jos da ke karatun dare a bencina ne ya sa mini Midnight Diner, ya ce, "Baba, wannan kai ne." An fara shi a 2009. Wani ɗan ƙaramin shagon abinci ne a lungun Shinjuku cikin Tokiyo, yana buɗewa sha biyun dare ya rufe bakwai na safe. Abin da aka rubuta a bango bai wuce miyar alade ba, Allah ya tsare mu, sai abin sha, amma duk abin da ka ce a dafa maka mai shagon zai dafa in yana da kayan. Kowane kashi bai kai rabin awa ba, abinci ɗaya, mutum ɗaya da damuwarsa. Mai shagon, da tabo a fuska, da ƙyar yake magana. Ya ajiye maka kwano ya koma gefe.

Ban taɓa ganin aikina a talabijin ba sai ranar. Wanda ya zo shan shayi ƙarfe biyun dare ba yunwa kaɗai ta kawo shi ba. Direban dogon zango ne, ko ɗan sintiri, ko mai Keke Napep da bai haɗa kuɗin mai keken ba, ko magidancin da ba ya son komawa gida sai an yi barci. Sheƙa shayi kowa ya iya cikin mako guda. Sanin wanda za ka tambaya "lafiya kuwa?" da wanda za ka ƙara wa ruwan zafi ka yi shiru, wannan ya ci mini shekaru. Mutanen nan sun gane haka, kuma ba su cika shi da kiɗa ba. Da Koriyawa ne suka fara yin sa, da mai shagon ya zama ɓataccen ɗan wani attajiri.

Har kwaikwayo na yi. Akwai wata suyar ƙwai tasu: a zuba kaɗan a kasko ya yi falle, a naɗe shi kamar tabarma, a sake zubawa a sake naɗewa, wasu har da sukari. Kaskonsu mai kusurwa huɗu ne, nawa zagayayye, duk da haka na fasa ƙwai huɗu na gwada, ya fito kamar tsumman da aka matse. Na ba wani direban Bauchi kyauta. Ya tauna, ya tsaya, ya leƙa cikin farantin, ya ce, "Malam, ƙwai ne wannan ko fanke?" Sannan ya ce in miƙo yaji.

Na Japan su ma suna da nasu aibin. In wasan barkwanci ne sai ihu da zare ido kamar katun, in na iyali ne kuma a zauna cin abinci ba mai cewa uffan har ka duba ko sautin wayar ne ya mutu. Amma Oshin ya biya ni. Tashar NHK ta nuna shi daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowanne minti goma sha biyar da safe. Yarinya 'yar shekara bakwai daga wani ƙauye a yankin Yamagata aka bayar aikatau a bakin buhun shinkafa, aka ɗora ta a kan gungumen katako a kogi cikin dusar ƙanƙara, uban da ya bayar da ita yana bin gaɓa da gudu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga an sauke 'yan aikatau daga ƙauye da ƙullin kayansu a leda ya san yarinyar nan.

Abin da na fi yaba wa Japan shi ne sun san inda ake tsayawa. Yawancin wasanninsu na dare kashi 10 ne ko 11, wata uku an gama, kowa ya kama gabansa. Koriya sun fi yin 16, amma in kasuwa ta buɗe su ma sukan ja: Jumong kashi 60 aka tsara, farin jini ya kai shi 81, kuma mai kallo zai gane inda aka ƙara ruwa. Namu na nan gida masu dogon zango kuwa, zango na bin zango, jaruma ta yi aure a gaske sai a ce a labari ta tafi karatu waje, a shigo da wata. Ba rashin gwanaye ba ne. A garin nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, da makarantarta, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Labari kuma ga shi a Farin Gada wajen masu tumatir, ga shi a Katako, ga shi a lungunan da aka daina kai kwano. Kashi goma ya isa.

Roƙona gare ka, ko sau ɗaya a wata a ba mu rabin shafi, a riƙa faɗa wa iyaye wanda za a kalla da yara da wanda ba za a kalla ba. Akwai cibiyar al'adun Koriya a Abuja tun 2010, wakilinku na can zai iya leƙawa ya jiyo mana. In kuma wani daga cikinku ya biyo ta Jos, ina nan daga bayan isha'i har ƙarfe uku. Ya taho da rigar sanyi. Kofin farko kyauta ne, ƙwan kuma na daina sa masa sukari.

Naka mai karatu kullum,
Wani mai shayi,
Titin Bauchi, Jos.