Ga 'Yan Uwa Mazauna Ƙetare Masu Son Zuba Jari a Sola

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan uwanmu mazauna ƙetare da ke turo kuɗi gida don harkar wutar sola.

Kafin a sayi komai, a ƙirga kayan da za su ja wutar da awannin aikinsu. A Arewa rana mai ƙarfi takan kai awa biyar zuwa shida, don haka farantan sola takwas masu wat 550 za su ba da kusan kilowat-awa 18 a yini, idan an cire asara.

Batir ne ke cinye jari. Na ruwa in ana zuƙe shi fiye da rabi, ko an ajiye shi a ɗaki mai zafi, ba ya daɗewa. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi juriya nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu kuma tana rage wuta sosai, dole a riƙa wanke farantai duk mako. Kada a manta da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa saboda tsawa.

Mai son sayar wa kasuwa ko unguwa wuta ya yi wa kamfaninsa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya binciki ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, ko ta jiharsa, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko. A saka mita mai kati, a zaɓi inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) da ake duba aikinta ta wayar salula daga nesa. Kuma a guji cin bashin dala, domin cinikin da naira zai shigo.

Naka,
Wani mai karatu, Kano