Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Kusanto Malamai da Ɗalibai ga Aikin Masana'antu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa aiki guda: a kawar da kallon leburanci da ake yi wa aikin masana'anta a makarantun sakandare. Ga inda aka kwana.

Da ɗalibai muka fara, muna bin makarantu da lacca, amma abin bai yi armashi ba. Yaro zai saurara, ya tafa, ya koma aji ya tarar da malamin da ke ce masa makarantar koyon sana'a ta waɗanda boko ya gagara ce. Sai muka karkata ga malaman, musamman masu ba ɗalibai shawarar kwas.

Ba mu ga laifinsu gaba ɗaya ba. Da yawansu sun ga abin da ya faru a Kakuri da ke Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, saura suka bi sahu, magidanta suka koma gida hannu rabbana. Wanda ya ga haka, lacca ba ta sauya masa ra'ayi.

Shi ya sa muka kai malaman yankunan masana'antu na Sharaɗa da Challawa a Kano su gani da idonsu. A wani kamfanin roba sun tsaya kan matashin da ke kula da injin zuba bokitai, yana daidaita zafi da matsi a allon kwamfuta, takardarsa ta difloma ta ƙasa (ND) ce daga kwalejin fasaha. Tambayoyi suka yi ta fitowa: nawa ne albashi, akwai aikin kwana, wa ke biyan magani idan an ji rauni? Mun roƙi masu kamfanin kada su yi kwaskwarima, har matsalar wuta da tsadar dizal an faɗa. A ganinmu wannan ne ya sa malaman suka saki jiki.

Mun kuma yi zama kan hanyoyin shiga aikin masana'antu: jarrabawar NABTEB ta fannin sana'a da kasuwanci, kwalejojin da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE ke tantancewa, da shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi.

Inda muka gaza shi ne makarantun 'yan mata. Iyaye sun ƙi yarda da ziyarar, kuma ba mu da isassun mata a cikinmu da za su yi jagora. Wannan ne aikin farko na baɗi, don haka duk mai 'yar uwa ko abokiyar aiki injiniya ya haɗa ta da sakatariya.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a taro mai zuwa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su biya kafin nan, domin hayar mota ce ta cinye mafi yawan asusun bana.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa