Dogo, filin fayif ya dawo da rai

Dogo, mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Hajiya da yara kuna lafiya. Shirun nan ya yi yawa, har na fara zargin ruwan Fatakwal ne ya wanke lambata daga wayarka. Kuma wai da gaske ne abin da Mai-Shayi ke yaɗawa, ka ƙara aure ba ka gayyaci kowa ba?

Albishirinka! Filin fayif ɗinmu na makaranta, inda muke buga ƙwallo a bango da tafin hannu, ya tashi. Ka tuna yadda muka tarar da shi ranar taron tsofaffin ɗalibai, an jibge karyayyun bencina a ciki, awaki na kwana a gindin bango. To mun yi karo-karo, an yi filasta, an zuba sabon daɓe. Sai da aka gama muka gane yaran ba su ma san amfaninsa ba. Wani ɗan aji biyu ya tambaye ni ko masallaci ne aka fara ba a ƙarasa ba.

Na tara su na ba su tarihi: daga Ingila wasan ya zo, tun zamanin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, kuma Sardauna kansa gwani ne, shi ya sa har yau ake gasar kofinsa. Hamma kawai suke yi. Sai na buga ƙwallon tanis a bango, ta dawo, na ɗauke ta da hagu, ta daki kusurwa ta mutu. Nan fa aka fara turereniya. Yanzu duk Asabar ina can bayan la'asar, tafin hannuna ya kumbura, uwargida na cewa tsufa ne ya zo min da gardama. Akwai wani siririn yaro bahago, wallahi ya fi ka a lokacin da kake ji da kanka. Ko da yake wannan ba wani yabo ba ne.

Sauran abubuwan kam sai a hankali. Gudun famfalakin da muke yi har bakin rafi mu dawo, babu shi. Tun sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba mai barin yaro ya tsallake katanga, kuma ban ga laifinsu ba. Intahaus, gasar wasannin gidajen ɗalibai, ya koma rumfuna da kujeru da jawabin manyan baƙi, gudun kansa ɗan kaɗan. Gulukos ma ba a rabawa, don haka da yanzu kake makaranta da ba ka da dalilin yin suman ƙarya a bakin layi. Langa kuwa sai dai labari. Muhawara da kacici-kacici dai suna nan, har na ji wata muhawara da ta burge ni, kan ko a bar ɗalibai su riƙe waya. Masu goyon baya suka ci, alƙalan suka yi kamar ba su ji ba.

Af, Na-Baba ya zama hakimi, rawani har kunne. Mutumin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado ranar faretin kadet!

Ƙwallayen tanis muke nema, yaran nan suna kashe su da sauri. Aiko da katan guda ta hannun direban da ke kawo maka kilishi, kada ka ce min sai ƙarshen wata.

Naka,
Gajere