Wasiƙa daga Aboabo

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jamus? Hajiya tana gaishe ka.

Ka tambaye ni ko yaranmu sun iya karatu ta intanet yanzu. Maganar nan ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ka tuna a watan Maris na 2020, da Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu saboda korona, daga baya aka buɗe tashar talabijin ta koyarwa, Ghana Learning TV, mu malamai kuma muka koma WhatsApp da Zoom. Lokacin mun ɗauka rashin waya ne kaɗai matsalar. Yau waya ta yawaita a Zango, har gwamnati ta fara raba wa ɗaliban sakandare tablet a 2024, amma ajin yamma da nake koyarwa ta Zoom ya nuna min ba nan gizo ke saƙar ba.

Yaron da zai haɗa maka bidiyon TikTok cikin ƙiftawar ido, ka ce ya buga aikin gida a Word, ya mayar da shi PDF, ya turo ta imel, sai ya yi tsuru-tsuru. 'Yar yayata da ta shiga jami'ar KNUST ta nan Kumasi har kuka ta yi a makon farko, don ba ta san yadda ake ɗora aiki a shafin jami'a ba. Ba daƙiƙiya ba ce. Mu ne muka ga tana latsa waya, muka ce ai ta iya.

Halartar darasi kuwa, sunan yaro na nan a fuskar kwamfuta, kyamara a kashe, shi kuma an aike shi sayen waake, wato shinkafa da wake. Da ina jin haushi, sai da na ziyarci wasu gidajen: ɗaki ɗaya, ƙanne na ta hayaniya, bidiyo na shanye data, ga ɗauke wuta. Yanzu na rage dogon bayani. Ina kiran kowa da sunansa, ina karɓar amsa ta saƙon murya, ko da Hausa ne. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ce yanzu ke fara amsawa. Wallahi abin ya faranta min rai.

Ga roƙona: in akwai tsofaffin kwamfutoci a wurin aikinku, ko biyu ne, ka taho mana da su in za ka zo sallah. Ina so in riƙa koya musu bugun rubutu ran Asabar bayan makarantar allo.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Aboabo