Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato

Zuwa ga Shugaban Asibiti da likitoci da ɗalibai da sauran ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa yadda kuka karɓe ni, kuka saurare ni, sannan kuka yi wa karena aikin fiɗiya cikin kulawar da ban zaci ana yi wa kare irinta a garin nan ba. Na san a wurinmu ba a saba jin mutum yana godiya a kan lamarin kare ba, amma duk wanda dukiyarsa take kwana a bayan gari, babu mai tsaronta bayan Allah sai wannan dabba, zai fahimci abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina da ɗan garke na jajayen awaki da tumaki a gefen lambuna, ta wajen Kwalkwalawa. Duna, karen da ke gadinsu, ɗan ƙasa ne, baƙi mai dogayen ƙafafu, kuma tun yana kwikwiyo yake hannuna. Tun da muryarsa ta buɗe ban sake wayar gari na tarar da turke babu akuya ba. To amma da ya doshi shekara guda sai halinsa ya sauya. Ya riƙa tsinke igiya da dare yana bin karya har cikin ƙauyukan da ke kewaye, ya dawo da asuba kunne a yage, wuya duk cizo, wani lokaci yana ɗingishi saboda jifan yara. Garken da aka ajiye shi dominsa ya koma kwana babu mai gadi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jikokina suna zuwa lambun suna wasa kusa da shi, alhali ban san da wane kare ya yi faɗa a daren jiya ba, ban kuma san ko a cikinsu akwai mahaukaci ba.

Da na fara neman shawara, kowa ya ce a fiɗiye shi, kuma a nan wahalata ta soma. Wani ya ce in sami robar tayar keke in ɗaure masa maraina tamau, za su bushe su faɗi da kansu. Wani mai dandaƙar bunsuru ya ce in kawo shi a danne, reza ɗaya ta isa. A wani shagon maganin dabbobi kuwa, da na tambayi mai shagon ko akwai allurar da za ta hana shi jin zafi, dariya ya yi har da kiran maƙwabcinsa ya zo ya ji, ya ce: "Alhaji, kare ne fa." Wannan kalma ta daɗe tana yi mini ciwo, domin na taɓa ganin abin da take haifarwa. Wani mai lambu kusa da nawa an yi wa karensa irin wannan aiki ana tsakiyar bazara, aka shafa masa toka da baƙin mai a ciwon aka sake shi. Kafin mako ya zagayo ƙuda ya yi masa ƙwai a wurin, tsutsa tana motsi a cikin naman, wari ya hana kowa matsawa kusa, shi kuwa yana kwance ƙarƙashin amalanke yana nishi har rai ya yi halinsa. Na ƙudura a raina cewa ko da Duna zai ƙare rayuwarsa a ɗaure da sarƙa, ba za a yi masa haka da yardata ba.

Ko da aka ba ni labarin asibitinku, zuciyata ba ta kwanta ba. Ina tsoron a yi masa allurar barci ya zarce daga nan. Ina tsoron ya tashi ya zama raggo, ya daina haushi, in rasa amfanin da na ajiye shi dominsa. Akwai kuma nauyin da ya fi waɗannan, wato tunanin ko zalunci ne in sa a taɓa halittar dabbar da ba ta da bakin cewa a'a, kuma Allah zai tambaye ni a kanta. Na kai wannan tambaya wurin malaminmu, ya tuna mini cewa a fiƙihun da muka tashi da shi an halatta dandaƙar tumaki saboda maslaha, an kuma hana a yi wa doki, sannan ya ce abin dubawa a nan shi ne girman cutar da ake son kawarwa da kuma kada a azabtar da dabbar. Da wannan sharaɗi na biyu a zuciyata na shigo ƙofarku.

An yanka mana kati, an auna nauyinsa da zafin jikinsa, duk cikin tsari. Wadda nake son in tsaya a kanta ita ce wata matashiyar likita da ta duba shi, wadda a haife na haife ta. Da na fara magana ina ta kewaye-kewaye don kada a sake yi mini dariya, sai ta ajiye biro, ta jawo kujera ta zauna, ta ce: "Baba, mi kaka tsoro? Faɗa mini duka, ba sauri muke yi ba." Na faɗa mata duka, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Game da gadi, ta bayyana mini cewa abin da ake cirewa 'ya'yan maraina ne, su ne ke samar da sinadarin da ke ingiza namiji bin mace da faɗa da 'yan'uwansa maza, amma tsaron gida da sanin baƙo suna cikin ɗabi'arsa da tarbiyyar da ya samu, aikin ba ya goge su. Ba ta yi mini alƙawarin abin da ba ta da iko a kai ba. Ta ce yawon zai ragu a yawancin karnuka amma a hankali, kuma wanda ya riga ya saba da tsallake shinge sai an haɗa masa da gyaran shingen. Ta ce bayan aikin jikinsa zai buƙaci abinci ƙasa da na da, idan na ci gaba da cika masa kwano da tuwo kamar yadda na saba zai yi ƙibar da za ta cuce shi. Ta ƙara da cewa da a ce irin manyan karnukan nan ne na ƙasashen waje da ake ajiyewa a gidajen GRA, da ta ba ni shawarar in jira ƙashinsa ya gama girma, amma Duna ya kai. Ta kuma gaya mini wani abu da ban taɓa ji ba, cewa akwai wani tsiro mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar karnuka, wanda suke ɗauka daga juna wajen barbara, kuma ya yawaita a cikin karnukan da ke yawo sakaka. Wanda yake sayar da aiki don kuɗi kawai ba ya faɗa maka illar aikin tare da amfaninsa, shi ya sa daga wannan zama na yarda da ita.

Sai kuma ta yi abin da ya ƙara mata daraja a idona: ta ƙi yin aikin a ranar. Ta ɗaga leɓen Duna ta danna dasashinsa da yatsa, ta ce in matso in gani, ya yi fari-fari maimakon ja. Ta buɗe cikin kunnensa da tsakanin yatsun ƙafarsa, ga kaska nan jere sun sha jini sun yi bul-bul. Ta ce kaska tana sa wa kare ƙwayar cutar da ke fasa jini, kuma ba a kwantar da dabbar da jininta ya yi ƙasa a yi mata allurar barci. Aka ɗebi jininsa aka kai ɗakin gwaji, aka ba shi maganin kaska da na tsutsar ciki, aka ce in mayar da shi gida ya murmure, daga baya aka yi masa rigakafin haukar kare aka rubuta a katinsa. Ga ni na zo da kuɗina a aljihu, a shirye nake in biya, amma aka fifita ran karen a kan karɓar kuɗin.

Kafin ranar aikin an umarce ni da in hana shi abinci tun daren da ya gabace ta, don kada ya yi amai yana cikin barci ya shaƙe, kuma in zo da sassafe kafin rana ta yi zafi. Takardar amincewa da Turanci take, amma wani ɗalibi ya karanta mini ita da Hausa layi-layi, har da wurin da aka ce kowace allurar barci tana da haɗarinta, kafin in sa hannu. Kuɗin da aka faɗa mini tun farko shi na biya, aka ba ni rasit, babu wanda ya bi ni da maganar na goro. Ina zaune a inuwa ina jan carbi, ɗalibin nan ya fito takanas ya ce: "Baba, an gama lafiya, yana numfashi daidai." Da aka shigar da ni na same shi kwance a kan tsumma mai tsabta, harshe a waje, idanu a buɗe ba ya ganin kowa, jikinsa yana ɗan rawa. Da ba a riga an gaya mini haka farfaɗowa take ba, da na ɗauka mutuwa ce. Likitar ta tsaya tare da ni har ya ɗaga kai ya gane muryata ya motsa wutsiya. Ciwon kansa ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an ɗinke shi tsaf.

Bayanin jinya ma ba a yi mini shi a tsaitsaye ba. An ce in ajiye shi a wuri mai inuwa da tsabta inda ƙuda ba zai same shi ba, kada ya yi gudu ko ya shiga ruwan fadama har a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. An nuna mini yadda zan yanke gindin ƙaramin bokitin roba in sa masa a wuya don kada ya lashi ɗinkin ya warware shi. An ja mini kunne sosai kada in ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna iya huda wa kare ciki su lalata masa ƙoda, sai dai wanda suka ba ni. An kuma ce in raba shi da karya na wasu makonni, don yana iya yi mata ciki ko bayan aikin. Da na ga wurin ya ɗan kumbura na koma hankalina a tashe, likitar ta duba ta ce wannan kumburi ne na al'ada, ta gaya mini alamomin da idan na gani in garzayo: ruwa mai wari, zubar jini, ko ƙin cin abinci. Yau Duna ya warke sarai, yana kwana a bakin garke, kuma haushinsa na nan yadda yake, masu wucewa ta hanyar lambun da dare shaida ne.

Abin da ke damuna tun daga lokacin shi ne yadda irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki a wurinmu. Na sha kai iyalina wuraren da ake duba mutane, inda mai dubawa ba ya ɗaga kai ya kalli fuskar mara lafiya, balle ya gaya masa sunan cutarsa ko dalilin maganin da ya rubuta, kuma idan ka yi tambaya a ɗauke ka mai rashin kunya. A ɓangaren dabbobi abin ya fi muni. Duk wanda ya sami sirinji da jaka ya zama likita, allura guda yake yi wa akuya da saniya da kare ko mene ne ciwonsu, ba ya auna nauyi, ba ya tambayar komai. Na ga inda ake ajiye allurar rigakafi a kan kanta babu firji, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, alhali rigakafin da ya sha zafi ya tashi daga aiki. Mai kare ya biya kuɗi ya tafi yana ganin ya tsare iyalinsa, ga shi kuwa haukar kare cuta ce da idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu tsira, kuma yara suna cikin waɗanda ta fi kamawa.

Don haka ina roƙonku da ku fito da aikinku fili fiye da yadda yake yanzu. Da yawa daga masu lambu da makiyaya da mafarautan da nake hulɗa da su sun ɗauka asibitinku na ɗaliban jami'a ne da dawakin manya, ba su san talaka zai iya shiga da karensa a saurare shi ba. Ku shiga gidan Rediyon Rima ku yi bayani da Hausa, musamman idan ranar yaƙi da haukar kare ta duniya ta zo a 28 ga Satumba, ku gaya wa mutane cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 sannan ya nufi asibiti a ranar, ku kuma gaya musu cewa ana fiɗiye kare ba tare da an danne shi yana kururuwa ba. Hukumomin da abin ya shafa su ma ya kamata su leƙa shagunan maganin dabbobi na kasuwanninmu su ga yadda ake ajiye magani da kuma waɗanda ke yin allura.

Allah Ya saka wa likitar nan da ɗalibin da ya karanta mini takarda da alheri, Ya yi wa karatunsu da aikinku albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani mai lambu da kiwon awaki, Sakkwato