A ware wa binciken cututtukanmu kuɗi daga aljihunmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin masu karatu da shugabanninmu kan wani ɓangare na harkar lafiya da ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana muhawarar kasafin kuɗi, wato cibiyoyin binciken cututtuka da magunguna, da hukumomin da ke ba su kuɗin aiki. Mun saba auna gwamnati da yawan asibitocin da ta gina da motocin ɗaukar marasa lafiya da ta saya, alhali maganin da likita ke rubutawa da allurar rigakafin da ake yi wa yaro duk sai da wasu suka shafe shekaru suna gwaji, wani kuma ya biya kuɗin gwajin, kafin su iso gare mu.

Zan kafa hujja da cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, domin da wuya a sami unguwar da babu gidan da ke fama da ita. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu ɗauke da ita kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ta taɓa yin abin alfahari a kan wannan cuta a shekarun 1990, lokacin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Masananta sun karɓi wani haɗin gargajiya daga hannun mai magani, haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, suka tace shi, suka auna shi, suka gwada shi a kan marasa lafiya, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne aka sa wa suna Niprisan. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisin sarrafa shi, aka ƙaddamar da shi a kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, sai kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga shagunan magani na tsawon shekaru. Ilimin ya samu, gwajin ya yi nasara, amma babu wata hukuma ta gida mai isasshen kuɗi da za ta riƙe aikin daga ɗakin gwaji har zuwa hannun uwar da ɗanta ke kuka da ciwon ƙashi.

A Kano kuma an yi wani aikin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani. Yaran da ke da sikila suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana, kuma a ƙasashen da suka ci gaba ana kare su ne ta hanyar ƙarin jini kusan kowane wata, abin da ya fi ƙarfin iyalai da asibitocinmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi amfani da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa wajen gano yaran da haɗarinsu ya fi yawa, sannan suka gwada ba su ƙwayar hydroxyurea. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na wannan ƙwaya mai sauƙin kuɗi yana ba da kariya. Likitocinmu ne suka yi aikin, 'ya'yanmu ne aka gwada a kansu da yardar iyayensu, amma babban kuɗin ya fito ne daga hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, wato daga harajin da Amurkawa ke biya.

Godiya ta wajaba ga duk wanda ya taimaka, sai dai mai kwana a tabarmar aro bai san daren da za a naɗe ta ba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, ta kuma tsaurara hanyar da NIH ke tura kuɗi ga abokan aikinta na ƙetare, kuma ayyuka da dama a Afirka sun tsaya cak ko sun ragu. Ko da tallafin bai yanke ba, mai ba da kuɗi shi ke zaɓen tambayar da za a bincika. Shi ya sa cutar noma mai cin fuskar yara, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, ba ta shiga jerin cututtukan da aka yi watsi da su na Hukumar Lafiya ta Duniya ba sai a Disambar 2023. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, da saran maciji da ke hallaka manoma a yankin Kaltungo, duk matsaloli ne da ba za su taɓa zama na farko a lissafin wata ƙasa ba.

Abin da bincike mai ɗorewa ke iya yi kuwa mun gan shi a kan sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya. Bayan shekaru ana aiki tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH mai ayyukan lafiya da kamfanin Serum na Indiya, aka samar da rigakafin MenAfriVac a farashin da bai kai rabin dala ba, aka fara yin sa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo baya a 2011, har nau'in A na cutar ya kusan ɓacewa. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana cikin waɗanda suka riƙa bin diddigin ƙwayar cutar, kuma irin wannan sa ido ne ya nuna cewa nau'in C ya taso, kamar yadda aka gani a Nijar a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017.

Annobar 1996 ɗin ta bar mana wani tabo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano, inda 11 suka rasu, ya zubar da amincin da jama'a ke da shi ga masu bincike, kuma yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Kwamitocin ɗa'ar bincike masu ƙarfi, waɗanda ke tabbatar da cewa an yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji kafin su amince, su ma kuɗi suke buƙata, kuma bai dace albashinsu da kayan aikinsu su dogara da wanda suke sa wa ido ba.

Cibiyoyin muna da su. Akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, a Yaba ta Legas, da cibiyar binciken sammore da ciwon barci a Kaduna, da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924, ga kuma cibiyoyin bincike a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, sannan hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, tana da asusun tallafa wa bincike. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne kuɗin da ke zuwa a makare, ko ya zo bana ya tsallake baɗi, alhali gwaji ɗaya kan ɗauki shekaru huɗu ko biyar, kuma firjin ajiyar samfurin jini ba ya jure ɗaukewar wuta.

A taron Bamako na 2008 ƙasashe sun amince su ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatun lafiya domin bincike. Ina kira ga Majalisar Tarayya ta mayar da wannan alkawari doka, kuɗin ya riƙa fita a kan lokaci, masana ne kuma za su tantance wanda ya cancanta. Ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa 19 su haɗa asusu guda na binciken sikila da cutar noma da sanƙarau da cutar ƙoda da ta yi ƙamari a yankin Gashuwa, su kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da aka kashe da abin da aka gano. Attajiranmu da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah Ya saka musu, ina roƙonsu su tuntuɓi malamai kan kafa waƙafi da zai ɗauki nauyin ɗakin gwaje-gwaje ko karatun matasan masu bincike a asibitocin koyarwarmu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya